Gatarin da Aka Rataye a Rijiyar Ɗinya

Wani jan ƙyalle ne ya fara ɗauke mini ido. Ɗan guntun atamfa, bai fi tafin hannu ba, an ɗaure shi a jikin wani tsiro da tsawonsa bai wuce gwiwata ba, yana ta kaɗawa shi kaɗai a tsakiyar gona. Ba mu daɗe da baro iyakar Maigatari ba a lokacin. Na dafe ƙirji na ce a raina, lallai nan wasu masoya suka ƙulla alkawari.

Kun ga har na faro daga tsakiya. Ƙawayena na Gumel, ku kuka matsa mini. Duk bikin da muka haɗu sai wata ta ce, "Saratu, wai me ya faru a tafiyarku ta Nijar?" Da na fara sai a shigo da abinci, labari ya watse. To yau na zauna, zan ba ku shi daga tushe.

Ƙanena Nafi'u riɗi da zoɓo yake sayarwa a kasuwar Maigatari. Wata Alhamis ya ga wata yarinya ta rako mahaifinta sayar da tumaki, ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Inna ta ce shawara ce, a jiƙa masa magani. Ni na gane ciwon, don na karanta irinsa a littattafai ya fi a ƙirga. Sunanta Fassuma, garinsu Rijiyar Ɗinya, can cikin ƙasar Damagaram. Da magana ta yi ƙarfi, aka ce manya su je. Mahaifinmu ya rasu, saboda haka ƙaninsa, Baffa Ilu na Ɗanzomo, shi ne mai nema. Inna kuma ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, ta ce in je in gano mata yarinyar da gidansu. Maigidana ya ce, "Je ki, ko kunnena ya huta da labarin soyayya na kwana biyu."

Sai kun san Baffa Ilu za ku gane sauran. Manomi ne da ake kwatance da shi daga Ɗanzomo har Sule Tankarkar. Idan bazara ta yi ya share gonarsa, ko allura ka yar sai ka tsince ta. Duk abin da ya tsiro ba shi ya shuka ba, gatari da wuta ne rabonsa. Yakan ce gona fuskar mutum ce, mai mutunci ba ya fita da fuska ba wanki. Gaskiya a 'yan shekarun iska kan binne masa shuka da rairayi har sai ya sake, amma wannan ya ce ikon Allah ne.

A tashar Gumel muka shiga mota, an cusa mu kamar kifi a gwangwani. Huhun goronmu aka sa a but tare da akuyar wani fasinja, kafin mu ankara ta cinye rabin ganyen da aka naɗe shi. Baffa ya ɗauko huhun ya rungume a cinya kamar jariri.

A hanya muka wuce wurin da aka yi bikin dashen itatuwa a daminar da ta gabata. Ina cikin matan da aka raba wa atamfa iri ɗaya muka yi tafi. An kafa rumfa, an yi kiɗa, wani babban mutum ya durƙusa da babbar riga ya dasa ɗan itace, aka ɗauki hoto, aka watse. Yanzu kwandunan da aka kifa wa dashen ne kawai a jere, ciki ba komai. Direba ya nuna su da baki ya ce, "Awaki sun gode wa gwamnati."

Maigatari ranar kasuwa sai wanda ya gani. Shanu, raƙuma, Buzaye masu rawani, 'yan canji suna kiran sefa, kuɗin Nijar. Muka ƙetare iyaka. A ɗaya ɓangaren wani jandarma dogo ya duba takardunmu, ya nuna huhun ya ce, "Tsoho, me ke ciki?"

"Goron neman aure ne, ranka ya daɗe."

"Kai, 'yan Najeriya! Kun kwashe mana shanu, yanzu kuma 'yan mata kuka zo ɗiba?"

Baffa ya zaro ƙwaya biyu ya miƙa masa. Mutumin ya cire hula ya yi mana doguwar addu'a, har na ji ƙwalla. A raina na ce wannan alama ce, labarin nan zai ƙare da farin ciki.

Tasha a can otogar suke ce mata. Muka hau wata tsohuwar a-kori-kura, mata a kan buhuna, maza a gefe ƙafafu na lilo. Ta kafe a rairayi, kowa ya sauka aka tura, takalmina ɗaya ya tsinke. Ina cikin ɗaure shi da bakin gyale na hango jan ƙyallen nan. Da muka ci gaba sai ga wani shuɗi, ga wani rawaya, gona bayan gona, kowanne a jikin ɗan tsiro. Na ce ashe ƙasar nan duk masoya ne. Ban tambayi kowa ba, don labarin da na tsara a raina ya fi mini daɗi.

Baffa kuwa nasa karatun daban. Ya sunkuyo kusa da ni ya ce, "A'uzu billahi. Har yanzu ana ɗaure-ɗauren camfi a nan? Dubi gonaki kuma, duk ƙazanta. Damina ta kusa, ba wanda ya yi shara."

Inda mota ta ajiye mu, amalanken shanu na jiranmu. Malam Laminu, mahaifin Fassuma, da kansa ya zo. Ɗan siririn tsoho ne mai sanyin murya. Aka sauki Baffa a zaure, ni kuma a ɗakin matarsa, Iya Hajo, mace mai jiki da faɗar magana ba kwana-kwana.

A littattafai, idan aka zo ganin yarinya, takan sauko daga bene tana ƙamshi. Ni a bakin turmi na tarar da Fassuma, gumi na zuba, gari a girarta. Ta ɗago ta ce, "Sannu da hanya, Yaya," ta yi murmushi, na ce wallahi Nafi'u bai yi laifi ba da ya bar tuwo.

An karrama mu. Fura mai kauri da nonon da ba a tsinka shi da ruwa ba, dambun zogale, tuwon gero. Akwai wani dogon burodi kamar sanda, Baffa ya gatsa ya ce wannan sai dai a kori kare da shi. Shayi kuma a 'yan mitsi-mitsin kofuna, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai ka sha zagaye uku ake ƙyale ka. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne tarin itacen da ke bayan madafa, ƙananan rassa an jera su har sun fi ni tsawo, ga murhun laka mai ɗan ƙaramin baki da Fassuma ta gina da hannunta. Na tuna yadda muke rigima da mai gawayi a Gumel. Na ce, "Iya, a ina kuke sayen itace haka?"

Ta dube ni. "Saye? A gonarmu muke yankowa, 'yar nan."

Da la'asar Malam Laminu ya zagaya da Baffa gonarsa. Baffa bai ce uffan ba, don kunya ta hana shi faɗar abin da ya gani. Malam Laminu kuma ya ɗauka sha'awa ce ta ɗaure masa baki. Da suka dawo Baffa ya kira ni gefe ya ce, "Saratu, mutumin kirki ne, amma tsufa ya kama shi, ga shi ba ɗa namiji. Gonarsa ta zama daji. Wallahi na tausaya masa."

Washegari aka shirya za a zauna maganar aure da hantsi. Muna shan koko sai wata mata ta faɗo gidan tana haki. "Hajo! Hayaƙi a gonarku!"

Iya Hajo ta yar da ludayi. Muka bi ta a guje, ni da takalmi mai ɗaurin gyale.

Abin da muka tarar ba zan manta ba. Baffa ya tuɓe riga, ya ɗaure ƙugu, gatarin Malam Laminu da ya ɗauko a zaure yana hannunsa. Tun bayan sallar asuba yake aiki. Kusan rabin gonar ya share tas. Sabara, kalgo, 'yan gawo, duk ya sare ya tara ya cinna wuta, ƙyallayen kuma ya tattara su gefe guda don kada ya taɓa su da yawa. Ya share gumi, ya dubi mutanen da suka taru, ya yi murmushi ya ce, "Kada ku gode mini. Ai an zama ɗaya."

Iya Hajo ta durƙusa ta dafa wani kututture da ruwansa ke tsatsowa, ta ce, "Wannan gawon shekara uku ina renonsa."

Sai a nan muka ji gaskiyar ƙyallen. Ba alkawarin masoya ba ne, ba camfi ba ne. A garin, idan tsohon kututture ya yi toho, ba a sarewa. Sai a zaɓi masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a ɗaura ƙyalle don kowa ya san wannan yana da mai shi. Sassaben zamani suke ce masa. Kuma gari ya yi doka: duk wanda ya sare tsiro mai ƙyalle, za a karɓe gatarinsa a rataye a tsamiyar dandali, a kira sunansa, gatarin ya kwana bakwai a nan kowa na gani. Masu tsaron dokar maza da mata ne, shugabansu kuwa Malam Laminu.

Aka taru a dandali. Ina daga bayan mata, ina tuna Nafi'u da ya ce in kira shi da zarar an sa rana. Mai gari ya ce baƙo ne, bai sani ba, a yi haƙuri. Wani ya ce, "In aka ƙyale baƙo yau, gobe kowa baƙonsa zai aika." Aka fara hayaniya.

Malam Laminu ya miƙe. "Doka ba ta san baƙo ba. Amma gatari nawa ne, gona tawa ce, baƙo nawa ne. A rataye, a kira sunana."

Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Innalillahi. Laminu da ya kafa dokar?"

Aka ɗauko igiya. Sai na ga Baffa ya tashi. Ku da kuka san shi kun san bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ko a gaban hakimi. Ya zo tsakiyar fili ya ce, "Jama'a, sunana Iliyasu, ana ce mini Ilu, daga Ɗanzomo ta ƙasar Gumel. Ni na sare. A garinmu ba a ɗaukar wa namiji kayansa yana tsaye. Ku kira sunana, ku ƙara da sunan garinmu don kada a yi ɓatan kai." Ya karɓi igiyar ya rataye gatarin da hannunsa, ya shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashi ya zauna.

Wallahi duk jaruman da na karanta, masu motoci da masu benaye, ba wanda ya taɓa cika mini ido kamar tsohon nan a zaune ƙarƙashin gatari, toka a gemunsa.

Nan ya wuni. Da rana ta yi sanyi Malam Laminu ya kawo shayi ya zauna kusa da shi. Na kai musu ruwa, na ƙi tashi da wuri.

"Malam Ilu, ka iya aiki. Matasa uku ba za su yi abin da ka yi ba."

"Kada ka yi mini ba'a, Malam. Na kashe maka itatuwa."

"Ba ka kashe ba, aski ka yi musu. Abin da ka sare ɗan shekara uku ne, saiwar da ke ƙasa ta girme ni. Za su dawo. Lokacin ne dai ya tafi."

"Mu a can gwamnati ke mana dashe."

"Suna kamawa?"

Baffa ya kurɓi shayi ya ɓata fuska. "Awaki suna kamawa."

Malam Laminu ya yi dariya har da tari. Ya ce su ma can baya haka suke. A da itace na ma'aikatan daji ne, ko a gonarka yake in ka taɓa sai a kama ka, don haka kowa ya ga tsiro sai ya kashe shi tun bai jawo masa fitina ba. Har ƙasa ta tsiraita, iska ta riƙa binne shuka. Da aka sakar wa manomi itacen gonarsa, sai kowa ya fara reno. Da Baffa ya ji maganar binne shuka sai ya daɗe yana kallon ƙasa.

Maganar aure sai washegari aka yi ta. Ina ɗaki na ji Iya Hajo tana gaya wa mijinta, ba ta ko rage murya ba: "Yaron ban ƙi shi ba. Amma gidan da babbansu ke ganin tsiro ya ɗauko gatari, 'yata za ta ƙare a yawon neman kara da kashin shanu. Ban rene ta don haka ba."

Abin da Malam Laminu ya gaya wa Baffa a zaure gajere ne. "Ban hana ba, ban bayar ba. Ka bar goronka a nan. Bayan damina biyu zan zo in ga gonarka."

Da za mu tafi Fassuma ta rako ni har bakin amalanke. Idonta ya yi ja, amma ta ce, "Yaya, ki ce masa itace ba ya gaggawa. Ni ma haka." Na riƙe maganar nan a baki har Gumel kamar mai ɗauke da ƙwai.

Nafi'u na jiranmu a tasha da sabuwar hula. Ya dubi fuskokinmu, ya cire hular. Baffa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ni na ɓata, ni zan gyara. Ka ba ni lokaci, ɗana."

Bazarar nan Baffa bai kai wuta gonarsa ba. Ya bi ta kututture bayan kututture, ya sha mamakin yawan waɗanda shekara da shekaru yake sarewa suna dawowa. Ɗanzomo ta samu abin magana. A majalisa ana cewa Ilu ya je Faransa ya dawo da lalaci. Wani abokinsa ya aiko masa da tsintsiya. Masu saran itace suka riƙa shiga, sai ya koma wuni a gonar. Da makiyaya kuwa sulhu ya yi: ganye da 'ya'yan itace nasu, gindi nasa. Sai ga shi su ke kore masa masu gatari.

Da gonar ta fara kyan gani, wani ɗan siyasa ya turo yaransa da allo mai ɗauke da hotonsa, wai za a kafa a bakin gonar a matsayin aikin da ya yi na yaƙi da hamada. Baffa ya ce, "Ku gaishe shi. Ku ce ya zo ya nuna mini wanda ya dasa a ciki, sai in rataya hoton a jikinsa." Allon bai sauka daga mota ba.

Bayan damina ta biyu Malam Laminu ya iso ba sanarwa, a bayan motar 'yan kasuwa. Ko ruwa bai sha ba ya ce a kai shi gona. Nafi'u ya bi su a baya kamar wanda za a yanke wa hukunci, shi ya ba ni labari. Tsohon ya zagaya ko'ina yana taɓa rassa. Ya tsaya gaban wani kalgo ya ce, "Nan ka bar da yawa, za su shaƙe juna." Ya ƙara gaba. "Wannan kuma ka yanke shi kamar mai fushi." Da suka kai ƙarshen gona Malam Laminu ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ya murza, ya ga ruɓaɓɓen ganye a ciki. Ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, "Goronka na farko ya bushe tuni. Sai ka sayo wani."

Nafi'u ya ce bai san lokacin da ya rungumi wani gawo ba.

An yi biki, kun halarta, ba sai na faɗa ba. Fassuma yanzu 'ya'yanta uku, kuma rabin matan unguwarsu ita ta gina musu murhu.

Baffa kuwa, waɗanda suka yi masa dariya su suka riƙa zuwa ɗaukarsa a babur ya duba musu toho, har Gagarawa an kai shi. Da idonsa ya raunana, da hannu yake shafawa ya ce a bar wannan, a cire wancan. Bara da kaka Allah ya karɓi abinsa, bayan gajeriyar jinya. Malam Laminu yana gidan, don tun da ya ji ciwon ya ƙetaro.

Kun san yadda itacen rufin kabari ya zama abin nema a garuruwanmu, har wani lokaci sai an jira a sayo. Da aka fara maganar inda za a samo, Malam Laminu ya ce a ba shi gatari. Matasa suka ce ya bari su je, ya ce a'a, ba su san wanda za su taɓa ba. Ya tafi gonar Baffa yana dogara sanda, Nafi'u na biye da amalanke. Muna cikin gida muka ji shigowarsu. Na leƙa ta katanga na ga itatuwa masu kauri, miƙaƙƙu, sun isa har sun yi saura.

Na tambayi Nafi'u daga baya ko bishiya nawa aka kayar. Ya ce, "Ko ɗaya, Yaya. Rassa kawai ya sara. Duk suna nan tsaye."